Gwangwanin Su Nazifa

Ƙaura Namoda, Satumba 2021

Zuwa ga Yayata Asiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Yaya Bawa da Ismail. Mu nan lafiya lau, sai kewarku.

Yaya, ban taɓa zaton zan koma rubuta miki wasiƙa kamar lokacin da nake makarantar kwana ba. Tun da aka yanke sabis, wayata ta zama fitila kawai. Labbo direba, mai jigila tsakanin nan da Shinkafi, ya ce zai riƙa kai mana duk ranar da hanya ta yi kyau. In kin rubuta, Yaya Bawa ya miƙa masa a tasha.

An rufe mana makarantu, ina gida ba koyarwa, yara kuma sun cika min kunne. Ɗana Mahmuda yana can kan tattabarunsa daga safe har yamma. Nazifa kuwa, da kin gan ta da ba ki gane ta ba. Tun da kika ba ni riƙonta ban ga ta yi tsawo irin na bana ba, har ta kamo kafaɗata. Hannunki ta ɗauko wajen kitso. Ta yi ƙawa da Praise, 'yar maƙwabciyarmu Martha mai shagon kayan masarufi, ba sa rabuwa sai barci.

Tana tambayar yaushe zan kawo ta ta gan ki, tun da babu makaranta. Me kika gani?

Ƙanwarki,
Mariya

Shinkafi, Satumba

Ƙanwata Mariya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na karanta, na kuma karanta wa baban Ismail. Muna lafiya, alhamdu lillahi. Ki gaida maigidanki da yara.

Geron da munka shuka a Katuru ya nuna, amma ba a iya wuni a gona. Baban Ismail yakan tafi da sassafe ya yanko abin da ya samu, ya dawo kafin azahar. Tun da munka baro ƙauyen ban sake ganin ɗakina ba, an ce rufin ya zauna. Kasuwar Alhamis ma an rufe ta, gari ya yi tsit kamar an yi mutuwa.

Ni kam dajin nan ya hana ni barci, Mariya. Na rame, zanen da nake ɗaurawa sai na ƙara naɗi. Na ajiye kitso, hannu ba ya so. Ki sa ni addu'a.

Ɗiyarki kuwa, kada ki kawo ta yanzu. Ki bar ta nan wurinki har Allah ya kawo sauƙi. Ki ce mata ta riƙa jiƙa gashi kafin ta tsaga, kada ta riƙa jan kan ɗiyan mutane suna kuka. Na aiko mata da ƙuli-ƙuli a leda, ta raba da ƙawarta.

Yayarki,
Asiya

Ƙaura Namoda, Oktoba

Yaya Asiya,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Ƙuli-ƙuli ya iso, bai kwana ba.

Maganar daji da kika yi, kowa haka yake, Yaya. Mu ma nan ko babur ya wuce da gudu sai gaban mutum ya faɗi. Allah ya raba mu da mutanen nan, ya mayar da ku gida. Ki daure ki riƙa cin abinci. Kin yi gaskiya, hanyar ba ta yara ba ce, Nazifa za ta zauna.

Bari in ba ki labarin da zai sa ki murmushi. Maman Praise, wato Martha, ciwon daji na mama ne ya kashe yayarta. Tun daga nan ta haɗa wata 'yar ƙungiya ta mata, Musulmi da Kirista, suna haɗuwa a barandar shagonta, suna taimakon matan da ciwon ya kama da kuɗin mota da na asibiti. To akwai wata baiwar Allah da suke son taimaka wa yanzu. Ba zan faɗi sunanta ba, kin san irin wannan ciwo ba a son a ji. Matar ƙauye ce da rikici ya raba da gida, tana da ƙaramin yaro, ta daɗe tana ɓoyewa. Abin da ke hannun ƙungiyar bai isa ba.

Nazifa da Praise suka ji ana maganar. Washegari sai ga su da gwangwanin madara, sun huda murfin. Nazifa ta shimfiɗa tabarma a ƙofar shago tana yi wa yara kitso, duk abin da aka ba ta cikin gwangwani. Praise tana dafa zoɓo tana ƙullawa. Sun roƙi tela ragowar ƙyalle ruwan hoda, suna yankawa suna maƙala wa duk wanda ya saka wani abu. Har liman na unguwarmu na gani da shi a aljihun riga. Mahmuda ya yi kwana biyu yana kallonsu, sannan ya kama tattabarunsa guda biyu da ya fi so ya kai wa mai saye. Ya dawo yana share hawaye, ya ce hayaƙi ne.

Yanzu har gida-gida suke shiga, tare da wata babba daga ƙungiyar. Wanda ba shi da kuɗi ya ba da gwangwanin gero. Nazifa ce mai magana. Takan ce, "Ku taimaki uwa, ciwon mama ya kama ta, kuma tana da ƙaramin yaro."

Na san ba kya son yarinya ta riƙa yawon gidaje, amma kada ki ji nauyi, Yaya, lalura ce, kuma ba abin kunya a ciki. Albarkarki ce ke bin ta.

Ƙanwarki,
Mariya

Shinkafi, Oktoba

Mariya,

Sallama. Muna nan.

Wa ya gaya miki? Baban Ismail ya rantse ba shi ba ne, kuma ban da shi babu wanda ya sani sai mai maganin da ke ba ni jiƙo. In kin sani, me ya hana ki tambaye ni kai tsaye, sai ki zagaya da "wata baiwar Allah"? Ni yarinya ce da ba zan gane ba? Matar ƙauye, mai ƙaramin yaro, mai ɓoyewa.

Ni na goya ki, Mariya. Da Inna ta rasu ni na tauna na ba ki. Ban taɓa zaton ke za ki ɗauki ɗiyar da na ba ki amana ki sa ta bara gida-gida da sunan nonon uwarta ba. Duk Ƙaura ta ji ke nan. Gobe in ta girma a ce ga ɗiyar mai ruɓaɓɓen nono.

Tun da kin sani, to ki ji sauran. Tun yayen Ismail na ji ƙullutu a na hagu, kamar ƙwallon goriba ƙarami. Ba zafi, na ce ragowar nono ne. Da ya girma anka ce daji ne, munka shiga jiƙo da shafe-shafe. Da damina ta faɗi ya fashe. Yanzu hammata ta kumbura, hannun ya yi nauyi, ina wanke tsumma sau da yawa a yini don kada Ismail ya ji wari. Shi ne dajin da na ce miki ya hana ni barci, kinka yi kamar ba ki gane ba.

Ba ni zuwa a yanke ni. Na ga wadda anka yanka a Katuru, ba ta yi wata uku ba. Yadda Allah ya halicce ni haka zan koma gare shi.

Ki karɓe gwangwanin nan, ki mayar wa kowa abinsa. Yaron nan a fanso masa tattabarunsa. In ba haka ba, ki aiko min da ɗiyata.

Asiya

Ƙaura Namoda, Oktoba

Yayata,

Assalamu alaikum. Ban san yadda zan tambayi lafiyarki ba bayan abin da na karanta.

Wallahi tallahi ban sani ba. Ba wanda ya gaya min sai ke, a wannan takarda. A tsaye na fara karantawa a tsakar gida, ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba.

Matar da na ce miki tana nan da ranta, sunanta Rekiya, daga wani ƙauye na Zurmi. Ɗanta bai kai Ismail ba. Likita ya ce nata bai yi nisa ba, in an yi aiki da wuri ana sa ran ta tashi. Ita yara ke tara wa. Da na san haka za ki karanta, da na faɗi sunanta tun farko. Nazifa ba ta san komai game da ke ba. Uwar wani take roƙa wa.

Kin rubuta min cewa daji ya hana ki barci, kin rame, hannu ba ya so. Ni kuwa na ba ki amsa da maganar ɓarayi, na ci gaba da labarin tattabaru. Na ɗauko takardar na sake dubawa, ga shi nan kin faɗa min, ban ji ba. Ki yafe min.

Yaya, ki zo. Ba ina ce miki a yanke ki ba. Ki zo likita ya duba, mu ji. Na je wurin Maman Praise ba tare da na kama suna ba, ta kalle ni ta ce, "Malama, ko wace ce, kada ta ƙara sati a gida." Daga nan zuwa Gusau ba nisa, ni zan kai ki da kaina, ba wanda zai ji. Wadda kika gani a Katuru, wa ya san yadda nata ya kai kafin a kai ta?

Kin ce ke kika tauna kika ba ni. Haka ne. To ki bar ni in yi miki wannan.

Gwangwani kuwa ba zan iya karɓewa ba. Me zan ce musu?

Ƙanwarki,
Mariya

Ƙaura Namoda, ƙarshen Oktoba

Yaya,

Sallama da fatan sauƙi. Shiru ban ji daga gare ki ba. Labbo ya ajiye mota tun da ɓarayi suka tare hanya, ban ma tabbata ya kai miki waccan ba. Wannan zan ba wani mai motar kaya da zai bi ayarin sojoji. Ban sani ba ko fushi ne ya hana ki amsa, ko hanya, ko abin da ba na son in rubuta.

Kullum Nazifa sai ta dawo ta girgiza min gwangwani a kunne in ji nauyinsa. Sun cika na farko, suna kan na biyu. Jiya tana cin tuwo ta ce, "Inna Ƙarama, ashe Rekiya shekara guda tana ɓoyewa. Me ya sa manya ke ɓoye ciwo?" Na ce ta ci abinci ta bar surutu. Ta dube ni, don ban saba yi mata haka ba.

Ba zan iya ci gaba da kallonta haka ba. In kin ba ni izini zan gaya mata. In ba ki ba ni ba, ki zo ki gaya mata da bakinki.

Mariya

Shinkafi, Nuwamba

Zuwa ga Malama Mariya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, ina fatan kuna lafiya da maigida da yara. Ni ne Bawa. Yayarki ce ta ce in rubuta, domin zama ya yi mata wuya, numfashi kuma ba ya kai mata.

Takardunki biyu rana ɗaya sunka iso. Da na karanta mata ta farko, ta juya fuska bango har la'asar. Sannan ta ce, "Ashe da bakina na tona." Ta ce in gaya miki ba ta riƙe ki da komai ba, ke ce za ki yafe mata maganganun da ta rubuta.

Na daɗe ina roƙonta mu je asibiti tana ƙi. Yanzu ta yarda, amma kada in ɓoye miki, ba don likita ba ne. Tambayar da yarinyar ta yi kan tuwo ce ta tsaya mata. Ta ce kada ki gaya mata komai, ita za ta ba ta amsa.

Labbo ya ce zai fito ranar Litinin in Allah ya yarda. Zan sa ta a gaba, kusa da shi. Ni ba zan samu zuwa ba, ga tsohuwata ga Ismail, ga dawa a gona da ba wanda zai kawo. Ki tare ta a tasha da abin hawa, ba ta iya tafiya mai nisa. Kada ki firgita in kin gan ta.

Amanarki ce.

Naki,
Bawa

Ƙaura Namoda, Nuwamba

Zuwa ga Yaya Bawa,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina gaida Inna tsohuwa da Ismail. Yaya ta iso lafiya. Ka ce kada in firgita. Na yi ƙoƙari.

Nazifa tana kitso a ƙofar shago muka sauka. Ta bar kan yarinya rabi ta rugo, sai ta tsaya kafin ta kai, tana kallon kumburarren hannun uwarta. Yaya ta ce a shiga ciki. Su biyu suka zauna a ɗakina, ni ina bakin ƙofa. Ban ji duka ba. Na dai ji Yaya ta ce, "Kin tambaya me ya sa manya ke ɓoye ciwo. Tsoro ne, ba wani abu ba. Ni ma shi ya ci ni." Nazifa ba ta yi kuka ba. Ta fito ta ɗebo ruwa, ta wanke tsumman da ke cikin jakar uwarta, ta shanya.

Mun je Gusau, mun yi kwanaki ana gwaje-gwaje da hotuna. Likitar mace ce, ta yi mana magana a hankali. Ta ce ciwon ya bar mama, ya shiga huhu da ƙashin baya. Aiki ba zai yi amfani ba yanzu. Abin da ya rage shi ne maganin rage zafi da wanke gyambon yadda ya kamata, kuma sun koya mana. Yaya ta ce, "To ba za a yanke ni ba ke nan?" Likita ta ce a'a. Yaya ta yi 'yar dariya ta ce, "Abin da na gudu ma ya ƙi ni."

Da muka dawo, Maman Praise ta zo da mata biyu na ƙungiya, da Praise, da gwangwanayen yara. Ta ce sun zauna sun yi shawara, ba zai yiwu yarinya ta tara wa wata ba alhali uwarta na kwance. Za su ba Yaya kuɗin, a gwada kai ta Sakkwato, Rekiya kuma a ɗaga nata aikin har a sake tarawa.

Yaya ta ce, "In an ɗaga, ciwonta zai jira?"

Maman Praise ta girgiza kai.

Yaya ta ce, "To ku kai mata. Ni na ji abin da likita ta ce."

A nan ne Nazifa ta tashi. Ta rungume gwangwani ɗaya a ƙirji ta ce, "Ni na tara. Yatsuna ne suka yi kanta. Ban san Rekiya ba, Innata na sani."

Praise ta fara kuka. Yaya ta miƙa hannunta mai lafiya ta ce, "Nazifa, zo nan." Yaya Bawa, ka san tun da aka haifi yarinyar nan ba ta taɓa kiran sunanta ba, kunyar ɗan fari. Ita ma yarinyar sai da ta waiga ta ga ko da wata ake. Ta je ta durƙusa. Yaya ta ce, "Da me kika ce wa mutane su ba ki?"

Ta ce, "Na ce su taimaki uwa."

"Mai ƙaramin yaro?"

"Eh."

"To kuɗɗin yaron nan ne. Kuɗɗin duniya duka ba su tashe ni, amma waɗanga suna iya tashin tasa uwar. Kada ki sa in ci abin da ba nawa ba ina shirin tafiya."

Nazifa ta daɗe a durƙushe. Daga baya ta ajiye gwangwanin a gaban Maman Praise, ba ta dubi kowa ba, ta fita. Tun ranar ba ta sake zuwa ƙofar shagon ba.

Yaya ta ce gida take so, kusa da kai da Ismail. Na roƙe ta ta zauna, ta ƙi. Nazifa ta ce ƙafarta ƙafar uwarta, kuma wannan karon ban hana ba. Ta iya wankin gyambon fiye da ni. Za su taho da Labbo, magunguna suna cikin jaka, likita ta rubuta yadda ake sha. Ni ma ina tafe da zarar na samu mai zama da yara.

Ƙanwarka,
Mariya

Shinkafi, Nuwamba

Inna Ƙarama,

Assalamu alaikum. Ina kwana. Ina gaida Baba na Ƙaura da Mahmuda. Mun iso lafiya, an tsayar da mu a hanya sau da yawa amma sojoji ne.

Inna tana shan maganin. In ta sha takan yi barci, in ya sake ta sai ta riƙa cije zane don kada Ismail ya ji. Kunu kaɗai take sha, shi ma kaɗan. Ni nake wanke mata safe da yamma. Ba na jin ƙyama. Ismail yana son ya hau jikinta, sai in goya shi in fita da shi waje.

Shekaranjiya ta ce in tsefe mata kai in yi mata kitso. Na yi mata a kwance. Ta shafa ta ce layin bai miƙe ba a baya, amma hannuna ya yi laushi. Tana kiran sunana yanzu ko da mutane.

Ta ce in tambaye ki ko an yi wa matar Zurmi aiki. Ni ba ni na tambaya ba, ita ce.

Ki ce wa Praise ba fushi nake da ita ba.

Inna Ƙarama, ki zo da wuri. Baba ba ya faɗa, amma na ga yana zama a zaure shi kaɗai.

'Yarki,
Nazifa

Shinkafi, Nuwamba

Malama Mariya,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya yi wa yayarki rasuwa jiya Laraba bayan azahar, an yi mata sutura kafin magariba. Ta cika da kalmar shahada, kanta a cinyar ɗiyarta. Saƙonki cewa an shiga da matar Zurmi aiki an fito lafiya ya riske ta da rai, ta ce alhamdu lillahi.

Na san kin shirya tahowa jibi. Ki taho hakanan, yarinyar tana buƙatarki. Ba ta yi kuka ba har yanzu, kuma ba ta magana.

Allah ya jiƙanta, ya ba mu haƙuri.

Bawa

Ƙaura Namoda, Janairu 2022

Zuwa ga Yaya Bawa,

Assalamu alaikum. Ya ƙarin haƙuri? Ina fatan Inna tsohuwa ta ji sauƙin ƙafa, Ismail kuma ya fara sakewa. Mu nan lafiya. Waya ta dawo, na sani, amma sau biyu ina kiranka don in faɗa maka wannan, sai in tsaya a gaisuwa. Shi ya sa na rubuta.

Ka tambaye ni halin da Nazifa ke ciki. Tun da muka dawo daga zaman makoki take yin duk abin da aka sa ta, ba musu, ba fara'a. Hawaye ko ɗigo ban gani ba. Praise takan zo ta zauna kusa da ita, can ta tashi ta tafi.

Ranar Asabar da hantsi Maman Praise ta yi sallama da baƙuwa. Rekiya ce. An sallame ta, za ta koma Zurmi kafin lokacin alluran da za a fara yi mata a asibiti, ta ce ba za ta wuce Ƙaura ba sai ta ga yaran. Doguwa ce, ramammiya, ɗanta na riƙe da gefen zanenta. Ta kawo kaza a ɗaure da ɗan gero a ƙullin gyale. An gaya mata komai a hanya, don tun daga zaure take kuka.

Mahmuda da Praise suka gaishe ta. Nazifa ta shige ɗaki ta turo ƙofa. Na tashi zan kira ta, Rekiya ta ce, "Bar ta, Malama. In ni ce ma ba zan fito ba." Muka zauna a tsakar gida, ta sha ruwa, ta yi wa Yaya addu'a mai tsawo. Har ta miƙe za ta tafi, sai ƙofa ta buɗe.

Nazifa ba ta gaishe ta ba. Ta tsaya a gabanta ta ce, "Ina son in gani."

Na ce, "Nazifa, wace irin magana ce wannan?"

Rekiya ta ce, "Tana da haƙƙi." Ta kama hannunta suka shiga ɗaki, na bi su. Ta zauna a bakin gado ta ɗaga riga. Wurin a shafe yake, sai tabo ɗaya, siriri, daga tsakiyar ƙirji zuwa hammata, ya fara bushewa. Nazifa ta daɗe tana kallo. Ta sa yatsa ta bi shi a hankali daga farko har ƙarshe.

Ta ce, "Iyakarsa ke nan?"

Rekiya ta ce, "Iyakarsa ke nan, ɗiyata."

"Wannan ne Inna ta ji tsoro?"

Sai yarinyar ta saki wani irin kuka, Yaya Bawa, irin wanda ban taɓa ji daga bakin yaro ba. Rekiya ta jawo ta ta kwantar da kanta a wannan gefen da babu komai, ko da yake na ga tana cije leɓe don wurin bai gama warkewa ba. Na ce wa Rekiya ta sake ta kada ta fama ciwon, ta girgiza min kai.

Motar Zurmi ta cika ta tashi ba da ita ba. A gidanmu suka kwana, ita da ɗanta, don har la'asar Nazifa ba ta saki rigarta ba.

Ka gaida Ismail. Allah ya kai haske kabarin Yaya.

Ƙanwarka,
Mariya